Rinin gashi: yadda za a hana launi saurin koɗewa

In salla ko biki ya matso, mata da yawa daga Madarumfa har Ɗan Isa, Gabi da Safo sukan rina gashi, dattawa kuma su sa wa gemu lalle. Kukan da aka fi yi shi ne, mako biyu ko uku launin ya koɗe, furfura ta sake leƙowa, sai a koma a sake rini. To, yawan maimaita rinin nan shi ke cinye gashi. Abin da ke sa launi ya daɗe shi ne kulawar da ake yi bayan an rina.

Irin rinin da ake amfani da shi

Na farko shi ne lalle. Ganyensa yana da wani sinadari da ke kama jikin gashi ya zauna, shi ya sa jan lalle ba ya wankewa, sai dai ya dusashe. Na biyu shi ne garin ganyen baba, tsiron da marina irin na Ƙofar Mata a Kano suka daɗe suna rini da shi. In aka sa shi bayan lalle yana mai da gashi baƙi, amma ya fi lalle saurin barin kai. Na uku shi ne baƙin rinin kanti, wanda wasu ke kira dayis. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin PPD, kuma shi ne mai haɗari.

Me ke koɗar da launi?

Kowane silin gashi yana da ɓawo kamar na kifi. In ɓawon ya buɗe, launi ya fita. Sabulun wanki, omo, ruwan toka da kanwa duk suna buɗe shi, haka ma ruwan zafi. Sai rana: zafin bazara, wanda a jihar Maraɗi yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana ƙone launi kamar yadda yake koɗar da atamfar da aka manta a kan igiya. Hunturu kuma yana busar da gashi ya riƙa karyewa. Man miƙar da gashi ma babban abokin gaban rini ne.

Yadda ake sa lalle ya kama

A tankaɗe garin lalle sabo, mai launin kore. Wanda ya daɗe a rana ya koma ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya ragu. A kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami ko ruwan tsamiya, a rufe a bar shi wasu awoyi. A wanke kai tukuna, saboda mai yana hana lalle kamawa. A shafa, a ɗaure da leda awa 3 zuwa 4, sannan a ɗauraye da ruwa zalla. Kada a damu in ya fito ja wur, cikin kwana 2 ko 3 zai ƙara duhu da kansa. Mai son baƙi sai ta bi da garin baba, shi kuma ana kwaɓa shi ana shafawa nan take. Kada a kuskura a sa ruwan rinin tufafi ko shunin kasuwa a kai.

Bayan an rina

Kwana 2 zuwa 3 na farko kada sabulu ya taɓa kai.
Daga nan a riƙa wankewa sau ɗaya a mako, da shamfu ko sabulu marar kaifi, da ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan.
Bayan wanki a shafa man kaɗanya ko man kwakwa, musamman a bakin gashi.
In za a gona, rijiya ko kasuwa, a rufe kai da kallabi ko hula.
A bar aƙalla mako 2 tsakanin man miƙar da gashi da rini.
Ƴan uwanmu da ke birane da ƙasashen waje su rage wanke kai da ruwan zafi da busar da shi da na'ura, su kuma rufe shi in za su shiga wurin ninkaya, don sinadarin da ake zuba wa ruwan yana cin launi.

Ku sani, gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata. Farin da kuke gani a gindin gashi sabon tsiro ne, ba koɗewa ba. Shi kaɗai za a taɓa, bayan mako 4 zuwa 6, ba sai an sake rina kan gaba ɗaya ba.

Hattara da baƙin rini

PPD yana iya jawo ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa da kumburin fuska. Wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya, yawanci ya ƙi ke nan har abada, kuma karo na biyu ya fi muni. Ƙasashen Tarayyar Turai sun taƙaita shi a kashi 2 cikin 100 na rinin da aka haɗa, amma wanda ake sayarwa a ƙulle ba suna ba takarda, ba mai sanin yawan abin da ke ciki. In za a saya, a duba bayan kwali da ranar lalacewa. A gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48. Ba a sa shi a gira ko gashin ido, ko a kan da ke da rauni. A ɓoye shi nesa da yara, domin shan sa yana kisa, kamar yadda likitoci suka sha gani a Sudan da Maroko. Jarirai kuwa ko jan lalle kada a sa musu, akwai masu wata larurar jini ta gado da yake iya cutarwa.

Duk wanda ya ga fuska, leɓe ko wuya na kumbura bayan rini, ko numfashi na yi masa wuya, ya wanke kan da ruwa mai yawa, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa ko asibitin Madarumfa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ku isar da wannan ga masu kitso da masu ƙunshi na unguwarku. Allah ya ƙara mana lafiya.