Dashen jijiya a ƙafa: a juya ta ko a bar ta inda take?

Idan jijiyar da ke kai jini ƙafa ta toshe, galibi saboda ciwon sukari ko shan taba, yatsu kan ruɓe har a yanke ƙafar. Don gudun haka, likitocin fiɗa kan buɗa wa jinin sabuwar hanya da jijiyar safen, doguwar da ta taso daga idon sawu zuwa gindin cinya.

Sai dai tana da ƴan ƙofofi a ciki, masu barin jini ya hau sama kawai. A 1948, likitan Faransa Jean Kunlin ya ciro ta, ya juya kanta ƙasa, ya ɗinka. Ɗaya dabarar, wadda Karl Victor Hall na Norwe ya bayyana a 1962, ita ce a bar ta inda take, a fasa ƙofofin, a ɗaure rassanta. A nan bakinta mai faɗi ya dace da babbar jijiya, siririn da ƙarama, amma reshen da aka manta kan sace jinin.

A gwaje-gwajen kwatanci, babu dabarar da ta fi wata daɗewa. Ingancin jijiyar ne babba: wadda faɗinta bai kai milimita 3 ba ta fi saurin toshewa, shi ya sa ake auna ta da na'urar eko kafin aiki.