Gida, Tsangaya da Aji: Yadda Yaran Nguru da Gashuwa Suka San Al'adun Wasu

Al'ada, a ma'anar da masana zamantakewa suke ba ta, ita ce dukkan abin da al'umma ta gada take kuma miƙa wa 'ya'yanta, tun daga harshe da gaisuwa har zuwa abinci, sutura, aure da sana'a, kuma yaro ba ya gane cewa yana da ita sai ranar da ya ga wanda yake yin abin ta wata hanya dabam. Arewacin Yobe wuri ne da wannan gani yake zuwa wa yaro da wuri. Nguru ta kasance mazaunin Galadiman Borno tun ƙarni na 17, wato basaraken da yake riƙe wa Mai, sarkin Borno, yammacin daula, kuma ƙasar Mangawa ce, waɗanda reshe ne na Barebari. Gashuwa kuwa garin Badawa ne, masu harshen da yake cikin dangin harsunan Cadi tare da Hausa, kuma can aka mayar da fadar Mai Bade daga Gogaram a 1946. Tsakanin garuruwan biyu akwai fadamun Haɗejiya da Nguru, inda Fulani suke sauka da shanu da rani, masunta kuma suke bin ruwa.

Kafin zuwan boko, gida ne yake koya wa yaro al'adarsa, ta hanyar tatsuniyar dare da kwaikwayon manya a gona ko a bakin kogi, amma ta wasu a waje yake ganinta. Askar fuska tana nuna masa asalin mutum tun kafin ya yi magana. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne wasan barkwanci, wato zolayar da al'ada ta halatta tsakanin ƙabilu biyu ba tare da a ji haushi ba, wanda mafi shahararsa a yankin shi ne na Barebari da Fulani. Yaron da yake tsaye a kasuwa yana ganin Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono, Babarbare ya tare ta yana cewa baiwarsa ce don haka kyauta zai sha, ita kuma ta mayar masa da cewa bawa ba ya sha sai ubangijinsa ya rage, kowa ya yi dariya, a auna nono a biya kuɗi. A nan yaro yake fahimtar cewa ana iya faɗin bambanci a fili kuma a ci gaba da ciniki, darasin da har yau babu littafin makaranta da ya iya koyar da shi da irin wannan sauƙi.

Tsangaya, makarantar haddar Alƙur'ani da ake kafawa a gefen gari, ta faɗaɗa wannan sani ƙwarai. Shekaru aru-aru almajiran ƙasar Hausa suna tafiya gabas neman karatu, Nguru da Gashuwa kuma suna cikin zangunansu, ta yadda kolo ɗan Katsina ko Damagaram yakan zauna gaban wutar kiskali ɗaya da ɗan Manga, su wanke allo tare, su bi gidaje bara, kowa yana koyon yadda ake roƙo da godiya da harshen ɗan'uwansa. Zawiyar Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975 kuma yana cikin manyan almajiran Shehu Ibrahim Inyass, ta sa sunan Kaulaha ta Sanagal ya zama sananne a bakin yaran Nguru, kamar yadda alhazan da suka bi ta Cadi da Sudan a ƙasa suka riƙa dawowa da labarin mutanen hanya.

Isowar jirgin ƙasa daga Kano a 1930 ta mayar da Nguru ƙarshen layin dogo kuma matattarar gyaɗa, ƙaro, fatu da bandar kifi, ta jawo ma'aikata Ibo da Yarabawa da fatake Kwarori, wato mutanen Labanan da Sham. Sai dai jirgin da ya kawo baƙi shi ne kuma ya ƙarfafa Hausa a matsayin harshen ciniki, har ta shiga cikin gidajen da a da Manganci ko Badanci kaɗai ake yi.

Makarantar boko ce ta mayar da al'ada darasi mai ma'anar da ake haddacewa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a wurin, abin da a aikace ya zama Hausa a garuruwan nan biyu. Littattafan darasin zamantakewa, waɗanda aka rubuta domin ƙasa baki ɗaya, sun fi jingina da Hausawa, Yarabawa da Ibo wajen ba da misali, don haka ɗan Gashuwa yakan iya lissafa suturar Yarabawa ya ci jarrabawa alhali ba a taɓa tambayarsa komai ba game da bikin kamun kifi na Gogaram. Rediyo, musamman sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da finafinan Indiya da na Kano, sannan wayar hannu, sun kawo masa na nesa har ɗaki, wanda ba abin ƙi ba ne, amma na kusa ne ya yi ta ja da baya.

Masanin harsuna Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya yi aiki da Badawa tun shekarun 1970, ya fitar da ƙamusoshin Badanci da Turanci da Hausa tare da 'yan ƙasar a 2004, ɗaya na karin Gashuwa ɗaya na karin yamma. Garin Gashuwa yana da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman mai horar da malaman firamare, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, saboda haka kayan aiki da masu koyarwa suna wuri ɗaya, ko da yake da yawa daga cikin yaran da za a koya wa yanzu da Hausa suke amsa wa kakanninsu idan an yi musu magana da Badanci.