DAGA JAGABAN AYARI ZUWA KWALEJIN SABON BUSSA: TARIHIN SANA'AR JA-GORA A DAJI DA RABON 'YA'YANMU A CIKINTA

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da nake so mu waiwaya a kai shi ne wata sana'a da kakanninmu suka iya tun kafin a san takarda, wadda yau ake koyar da ita a kwaleji har a ba da difloma, wato sana'ar shiga gaban baƙo a kai shi daji ko kan dutse a dawo da shi lafiya. Dajin Yankari na maƙwabtaka da gonakinmu, amma kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa tambayar ta wace hanya yaro ke zama ƙwararren ja-gora, ko kuma wa ke koyar da shi.

Kafin Zuwan Makaranta

Ja-gora ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19, lokacin da fatake ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ayari ba ya motsawa sai da shugabanninsa. Madugu ne uban tafiya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Jagaba kuwa shi ke wucewa gaba, ya san mashigin kowane kogi, ya san zangon da ke da ruwa da wanda rijiyarsa ta ƙafe, ya san inda 'yan fashi ke kwanto. Tafiyar takan ci watanni, kuma kuskure ɗaya na jagaba na iya halaka dukiya da rayuka.

A wajenmu nan, maharba ne suka riƙe wannan ilimi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga dattijon da zai dubi sawu a ƙasa ya ce ɓauna ce, ita kaɗai take, da asuba ta wuce, kuma tana ɗingishi. Ya san iska ta ina take kaɗawa kafin ya tunkari giwa, ya san kukan tsuntsun da ke nuna akwai zaki kusa, ya san saiwar da ake tauna wa ƙishirwa. Makarantarsu ita ce bin uba ko maigida shekara da shekaru, yaro na ɗauke da gora da kwari, yana kallo yana shiru. Jarrabawarsu ita ce ranar da aka bar shi ya kwana dawa shi kaɗai. Sarkin baka ne ke shaidar wanda ya isa. Wannan tsari yana da malamai, yana da matakai, yana da ladabi. Abin da kawai ba shi da shi shi ne rubutu.

Yadda Sana'ar Ta Shiga Aji

A ƙasashen Turai ma da gado aka fara. Mazauna gindin manyan duwatsu, makiyaya da mafarauta, su ne ke raka baƙi masu sha'awar hawa. A shekarar 1821 aka kafa ƙungiyar masu ja-gora a garin Chamonix na ƙasar Faransa, aka tsara wanda ya cancanci ya ɗauki baƙo da ladan da za a biya shi. Daga nan sana'ar ta fara samun doka.

Babban sauyi ya zo ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1941 wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn, wanda ya baro ƙasarsa saboda mulkin Hitila, ya haɗa kai da wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a garin Aberdovey na Birtaniya. Damuwarsu ita ce samarin matuƙa suna saurin karaya idan jirgi ya nutse, alhali tsofaffi da suka saba da wuya suna jurewa. Sai suka ce juriya da sanin makamar ceton rai abubuwa ne da za a iya koyarwa. Da irin waɗannan makarantu suka yawaita, sai aka rasa isassun malamai. Wannan ne ya sa Paul Petzoldt, wanda ya yi babban malami a reshen makarantar da ke Amurka, ya buɗe tasa a jihar Wyoming a 1965, musamman don horar da waɗanda za su ja-goranci wasu a daji. Darasin da ke nan a fili yake: gina makaranta ya fi sauƙi a kan samun malamin da ya san daji da ƙafarsa.

Daga Bakin Teku Zuwa Duwatsun Shere

Shekara goma kacal bayan Aberdovey wannan tunani ya iso gare mu. A 1951 wani jami'in raya karkara, Alec Dickson, ya buɗe cibiyar horo a wani lungun teku da ake kira Man O' War Bay, kusa da garin Biktoriya, wanda yau ake ce wa Limbe. A lokacin Kudancin Kamaru na haɗe da Nijeriya a mulki. Ana tattaro samari daga Arewa da Gabas da Yamma, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, a haɗa su ɗaki ɗaya na 'yan makonni. Suna koyon iyo da tuƙa kwalekwale, suna aikin gayya a ƙauyuka, sannan su hau Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000. Da yawa daga samarin Arewa a can suka fara ganin teku. Shi wannan Dickson ne ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO a 1958.

A 1960 doka ta mai da cibiyar hukuma mai zaman kanta, da sunan Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 Kudancin Kamaru ya fita daga Nijeriya, sai aikin ya koma Kurra Falls a ƙasar Filato, daga baya ya zauna a Duwatsun Shere da ke gefen Jos, inda ake kiran wurin Makarantar Dutse. An kuma buɗe Makarantar Teku a Apapa ta Ikko. Duk wanda ya yi bautar ƙasa tun daga 1973 zuwa yau ya haɗu da 'yan Man O' War a sansani, sun sa shi hawan igiya da tsallake katanga. Sai dai yawancinmu mun ɗauki abin wasan motsa jiki ne kurum. Ba mu lura ba cewa mutumin da ke riƙe da igiyar sana'a yake yi, ya koyi ɗaurin igiya da karatun taswira da agajin gaggawa, kuma wurin da ake koyon wannan bai fi tafiyar 'yan sa'o'i daga garinmu ba.

Yankari da Kwalejojin Namun Daji

Reshe na biyu na wannan tarihi shi ya fi shafar mu. A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe dajin Yankari, a 1957 aka shata iyakarsa a ƙarƙashin En'e ta Bauci, aka buɗe shi ga baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991 a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan ya dawo hannun Jihar Bauci a 2006.

Keɓe dajin ya zo wa iyayenmu da fuska biyu. Maharbin da ya gaji farauta ya wayi gari an ce abin da ubansa ya yi da alfahari ya zama laifi. Wasu aka ɗauke su gadin daji da bin sawu, domin babu wanda ya san wurin kamarsu. Wasu suka ci gaba da shiga a ɓoye, aka riƙa kama su. Sai dai ko waɗanda aka ɗauka, a ƙasan tsani suka tsaya, domin muƙamin da ya wuce nan yana bukatar takardar shaida.

Takardar kuwa sai a kwaleji. A 1963 aka buɗe Kwalejin Kula da Namun Daji ta Afirka a Mweka, a gindin Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, don ƙasashe masu magana da Ingilishi. A 1970 aka buɗe takwararta a Garwa ta Arewacin Kamaru don masu magana da Faransanci. Tamu ta gida ta zo a 1978, wato Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da ke Sabon Bussa a Jihar Neja, kusa da gandun Tafkin Kainji, a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan. Tana ba da difloma da babbar difloma. Ɗalibi na koyon halayyar dabbobi da tsirrai, dokokin gandun daji, ƙidayar namun daji, aikin taswira, da yadda ake karɓar baƙi masu yawon buɗe ido. Ban da ita akwai cibiyar tarayya ta horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, sannan wasu kwalejojin kimiyya da fasaha na da sashen wannan fanni.

A Gabashin Afirka abin ya yi nisa. A Kenya ƙungiyar masu ja-gora na shirya jarrabawa hawa uku, tagulla da azurfa da zinariya, kuma sai mutum ya yi shekaru yana aiki kafin ya nemi hawa na gaba. Saboda haka ja-gora a can mutum ne mai daraja, yana ciyar da iyali, yana sa 'ya'ya a makaranta da wannan aiki.

Wa Zai Koyar?

Nan ne gizo ke saƙar. Baƙon da ya biya kuɗi ya zo Yankari ba wanka a ruwan ɗumi na Wikki kaɗai ya kawo shi ba. Yana so a nuna masa giwa a bakin Kogin Gaji ba tare da an jefa shi cikin haɗari ba. Yana so a bambance masa gwanki da kanki da gwambaza. Idan mai kallon tsuntsaye ne, dajin na da fiye da iri 350, yana so a faɗa masa sunan kowanne. Yana so a kai shi Kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da Rijiyoyin Dukke, da tsofaffin matoyan ƙarfe, a ba shi labarin mutanen da suka zauna a wurin. Wannan aiki na bukatar ilimi iri biyu a kai ɗaya.

Malamin kwaleji ya san sunan dabba a kimiyyance, ya san doka, ya iya Turanci, ya iya rubuta rahoto. Tsohon maharbi ya san inda garke zai sha ruwa gobe, ya san kaɗa kunnen giwa na wasa da na gargaɗi. Yaron da ya samu na farko kaɗai zai yi bayani mai daɗi amma ya kasa gano sawu. Wanda ya samu na biyu kaɗai zai gano sawu amma ya kasa cika takardar neman aiki. 'Ya'yanmu ne kaɗai ke da damar haɗa biyun cikin sauƙi, domin malaman rukuni na biyu kakanninsu ne. To amma waɗannan dattawa suna ƙarewa. Kowace shekara muna zuwa ta'aziyyar ɗaya ko biyu, kuma abin da ke kansu na bin su kabari, alhali jikokinsu na birni suna haya da babur.

Kada mu manta kuma cewa garken giwayen Yankari na cikin mafiya girma da suka rage a Nijeriya, kuma su ne ke shiga gonakin mutanenmu su yi ɓarna. Manomin da bai taɓa cin moriyar dajin ba, giwa abokiyar gaba ce a wurinsa. Wanda ɗansa ke karɓar albashi saboda ita, da wani ido zai dube ta. Saboda haka batun horar da 'ya'yanmu batun zaman lafiya ne tsakanin gari da daji.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su duba abubuwa uku a babban taro mai zuwa. Na farko, asusun tallafin karatu ya ware gurbi ko da biyu ne a shekara don yaran da za su tafi Sabon Bussa ko makamanciyarta, maza da mata, kuma malamanmu na sakandare su sanar da ɗalibai cewa wannan fanni na nan lokacin cika takardar JAMB. Mun daɗe muna ganin karatu bai wuce likita da lauya da injiniya ba. Na biyu, a lokacin dogon hutu a tura rukunin samari Duwatsun Shere su samu horon igiya da taswira da agajin gaggawa. Na uku, wanda ya fi gaggawa kuma ya fi araha, a naɗa kwamiti ya zauna da sarkin baka da sauran dattawan maharba, da izinin hakimai da dagatai, a ɗauki maganarsu a rubuce da kuma a waya: sunayen dabbobi da itatuwa, alamun sawu, sunayen tuddai da fadamu da tarihinsu. A girmama su a matsayin malamai, a ba su abin goro, a haɗa kowane ɗalibi da dattijo guda ya bi shi lokacin hutu.

Ya ku 'yan uwa mazauna birni, sai da ɗan gari akan ci gari. Idan kun zo hutun Sallah, ku kai yaranku su gai da waɗannan tsofaffi, ku kai su su ga dajin da mutane ke ƙetaro teku don su gani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa sarakunanmu lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ɗaukaka ƙungiyarmu. Amin.