Sana'ar Hujjar da Ba Ta Tona Asiri

A shekarar 1985 masana uku, Shafi Goldwasser da Silvio Micali na jami'ar MIT a Amurka da Charles Rackoff na Jami'ar Toronto, suka gabatar da wata maƙala da aka sha mayar musu da ita kafin ta samu karɓuwa. Abin da suka zo da shi, da jin sa sai ka ce tatsuniya: wai mutum zai iya gamsar da kai cewa maganarsa gaskiya ce, ka tashi ba ka ƙaru da komai ba illa sanin cewa gaskiya ce. Ba ka ga asirin ba, ba ka ji ƙamshinsa ba, amma ba ka da sauran shakka.

Bayan 'yan shekaru Jean-Jacques Quisquater da Louis Guillou suka sauƙaƙa bayanin da labarin kogon Ali Baba, kuma har yau ban ga misalin da ya fi shi ba. Kogo ne mai hanya biyu, dama da hagu, da suka haɗu a can ciki, ƙofa ta raba su, ba ta buɗewa sai da kalmar sirri. Mai da'awar sanin kalmar ya shige ta hanyar da ya ga dama, kai kana waje ba ka gani. Sai ka matso mararraba ka yi kira: fito ta hagu! In ya san kalmar, ko ta ina ya shiga zai fito ta inda ka ce. In maƙaryaci ne, sai sa'a ta gamu da shi, rabi da rabi. Ku maimaita sau 20, damar da ta rage wa maƙaryaci ba ta kai ɗaya cikin miliyan ba. Kalmar kuwa tana nan a bakin mai ita.

A 1986 Micali da Oded Goldreich da Avi Wigderson suka nuna cewa dabarar ba ta tsaya ga 'yan matsaloli ba: duk da'awar da ake iya duba hujjarta cikin sauƙi, ana iya tabbatar da ita ta wannan hanya. A shekarar kuma Amos Fiat da Adi Shamir suka samo yadda za a raba ta da tambaya da amsa, hujjar ta zama rubutu guda da kowa zai duba a lokacin da ya so.

Amma ni a ganina babbar gaɓa ta zo ne a 1991, kuma ba ruwanta da ɓoye sirri. László Babai da abokan aikinsa uku suka nuna cewa ƙaramar kwamfuta guda mai aminci za ta iya sa ido kan aikin garken manyan kwamfutoci da ba a yarda da su ba, ba tare da ta sake yin lissafin da kanta ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya samu hanyar binciken mai babban ƙarfi. A kan wannan tunani ne kamfanonin yau suke cin abinci.

Daga nan abu ya kwanta a takarda fiye da shekara ashirin. An yi ta ba da kyaututtuka, har Goldwasser da Micali suka karɓi lambar Turing ta 2012, amma haɗa hujja guda yana cin lokacin da ba mai iya jira. Sai a 2013 tsarin Pinocchio, na masu bincike daga Microsoft da IBM, ya nuna ana iya yin abin a kwamfuta ta gaske. A 2016 Jens Groth ya matse hujjar ta koma ƙasa da sakin layi guda.

Kasuwa ta fara buɗewa da kuɗin intanet na Zcash, wanda aka ƙaddamar ranar 28 ga Oktoba 2016 ƙarƙashin jagorancin Zooko Wilcox. A lokacin tsarin yana da wani lahani mai ban tsoro. Kafin ya fara aiki sai an samar da wasu lambobin sirri an lalata su, domin duk wanda ya riƙe su zai iya buga kuɗin jabu ba wanda ya gani. Sai aka raba aikin ga mutum shida a wurare daban-daban, kowa da gutsurensa, muddin mutum ɗaya ya lalata nasa tsakani da Allah to an tsira. Peter Todd ya yi nasa rabon yana tafe a mota a yammacin Kanada don kada a san inda yake, da ya gama ya ƙona kayan kwamfutar da wutar gas. A 2022 aka gano Edward Snowden yana cikin shidan.

Duk da wannan taka-tsantsan, ta wani gefe ɓarakar ta ɓullo. A Maris 2018 Ariel Gabizon, masani a kamfanin Zcash, ya gano kuskure a lissafin maƙalar da aka gina tsarin a kai, kuskuren da zai ba da damar buga jabun. Mutane kaɗan suka riƙe maganar, aka toshe ɓarakar a Oktoba, aka sanar da duniya a Fabrairu 2019, kamfanin ya ce bai ga alamar an ci gajiyarta ba. Duk mai cewa wannan fasaha ta kawar da buƙatar amana, ya tuna da waɗannan watanni. Amanar tana nan, ta tashi ne daga kan mai riƙe da littafin ajiya ta koma kan mai rubuta lissafi da manhaja.

A 2018 Eli Ben-Sasson da abokansa suka kafa StarkWare a Isra'ila da wani salon hujja da ba ya buƙatar irin wancan taro na lalata sirri, kuma a 2022 aka yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 8. Kamfanonin baya-bayan nan, irin su RISC Zero da Succinct, sun ɗauki wata hanya: mai rubuta manhaja ya yi aikinsa da harshen da ya saba, kamar Rust, injinsu ya gudanar da ita, ya miƙo sakamako haɗe da hujjar cewa an bi kowane mataki daidai. RISC Zero ya tara dala miliyan 40 a 2023, Succinct miliyan 55 a 2024. Har yanzu haɗa hujjar ya fi yin lissafin kansa tsada ninki dubbai, dubawar ce ke da arha.

Abin da ke damuna shi ne inda kuɗin ya karkata. Akasarin masu sayen wannan aiki 'yan harkar kirifto ne da ke neman rage cunkoso da tsada a kan Ethereum. Ban raina wannan ba, amma ya yi wa fasahar kaɗan. Mu da ake karɓar hoton katin shaidarmu sukutum, da suna da adireshi da lamba, don kawai a san shekarunmu sun kai ko mu 'yan ƙasa ne, mun fi kowa buƙatar hujjar da za ta amsa tambaya guda ta yi shiru a kan sauran. An fara taɓa wannan ɓangare: a 2025 Google ya sanar da amfani da dabarar wajen tabbatar da shekaru a Google Wallet, ya kuma saki manhajar a fili. Ɗalibanmu na lissafi da kwamfuta su ɗauko ta su karanta, kada a gama gina tsarin shaidar gobe ba hannunmu a ciki.