Aloma Mariam Mukhtar

Aloma Mariam Mukhtar lauya ce kuma tsohuwar alƙaliya 'yar Najeriya, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya. An haife ta ranar 20 ga Nuwamba, 1944. Ta fara karatu a Zariya, ta yi makarantar St. Bartholomew da ke Wusasa, daga nan ta tafi Ingila ta karanta shari'a. A 1966 aka ba ta izinin aikin lauya a can ta hannun ƙungiyar Middle Temple, a Najeriya kuwa sai 1967.

A shekarar ta kama aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa a matsayin lauyar gwamnati. Ba ta daɗe a wannan layi ba ta koma kujerar alƙalanci: majistare, babbar magatakardar kotunan Kano, sannan alƙaliyar Babbar Kotun Kano a 1977. Ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005.

Sunanta ya ƙara fitowa a 2008, a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Ita da abokan aikinta a Kotun Ƙoli, alƙalai Oguntade da Onnoghen, suka saɓa wa masu rinjaye, suka ce a soke zaɓen, abin da ba kowane alƙali ke iya yi wa gwamnati mai ci ba.

Mamba ce a majalisar dattawan lauyoyi ta Body of Benchers da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a Yulin 2012, mace ta farko a kujerar, ta yi ritaya a Nuwamban 2014 tana da shekara 70.