Gwarzo Mai Tabo (Adabin Bin Sawu)

Gwarzo mai tabo shi ne tauraron labarin da mai karatu ke goya wa baya alhali halinsa ba na yabo ba ne. Yakan yi ƙarya, ya taka doka, wani lokaci ma ya zubar da jini, amma a kansa labarin yake tafiya.

A adabin bin sawun masu laifi na Amurka, Sam Spade na littafin The Maltese Falcon (Dashiell Hammett, 1930) ne fitaccen misali. Yana neman matar abokin aikinsa, amma da aka kashe abokin bai zauna ba sai da ya gano wadda ta kashe shi, ya kuma miƙa ta ga 'yan sanda, duk da soyayyar da ta shiga tsakaninsu.

A Hausa tushen ya daɗe. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja (1934) da damfara da wayo yake cin galabar abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, mai karatu na dariya. Mailoma na Ƙarshen Alewa Ƙasa (Bature Gagare, 1982) kuwa ya wuce nan nesa: jagoran 'yan ta'adda ne da ramuwar gayya ta cinye, bayan yaƙin basasar Nijeriya.