Ƙararrawar layin fayiba a na'urar rauta

Ƙararrawar layin fayiba saƙo ne da rauta ke samu idan hasken da ke ɗauke da bayanai ya sami tangarɗa. A tsarin SDH, wanda hukumar ITU ta amince da shi a 1988, ƙararrawar da ake kira LOS na nufin haske ya ɗauke gaba ɗaya.

Injiniya ke zaɓar ƙararrawar da za ta rufe ƙofar rauta. Layin SDH kan koma hanyar ko-ta-kwana cikin milisakan 50, shi ya sa ake saita rauta ta ɗan jinkirta kafin ta sauya hanya.

Aikin titi na yawan tsinke fayiba a Najeriya. Idan katafila ta datse kebul a Titin Zariya, wannan saiti na cikin abubuwan da ke hana cinikin mai POS a Gyaɗi-Gyaɗi tsayawa.